Dalma a Valparaíso

Ƙarfe ɗaya na dare a kan tudun Cordillera,
jiragen ruwa sun yi likimo a tasha,
ni kuwa ga ni da wayoyi goma sha huɗu
da ƙarfen liƙi mai baƙin baki.

Gobe zan yi wasa a tsohon ɗakin ajiyar kifi.
Akwatin sautina baki arba'in gare shi,
kowane baki sai an jona masa waya yake magana.
Ta kanti kuwa, kuɗin guda ɗaya
ya ishe ni burodin mako.

Gishirin teku ba ya ƙyale kowa a garin nan.
Ya ci ƙyauren gidanmu, ya ci kwanon rufi,
ya bi fulogi ya shafa masa kore,
har sautin da na kwantar jiya lafiya lau
ya wayi gari yana tari.

Don Rigoberto na ƙasan bene,
shekara talatin da ɗaya yana gyaran rediyon jirage.
Yanzu hannunsa rawa yake,
ko shayi ya ɗauka sai ƙasa ta sha rabi.
Ya hauro da kujerarsa, ya zauna daf da ni,
ya ce, "Ximena, ara mini yatsunki,
kunnena bai tsufa ba tukuna."

Na feƙe roba, tagulla ta leƙo
siri-siri kamar gashin masara.
Na murɗa. Ya ce, "A hankali, yarinya,
ba wuyan kaza ba ne.
Kada ki narka dalma a kan ƙarfe.
Ɗumama wayar, ita za ta kira ta da kanta.
Ƙirga uku. Janye. Kada ki hura."

Na hura.
Ya ja tsaki har kyanwa ta farka.

Hayaƙin ƙaro ya miƙe tsaye,
ya shiga idona, ya kwana a gashina.
Liƙin kirki sheƙi yake, sumul kamar ɗigon raɓa.
Na ganganci kuwa toka-toka, a dunƙule,
ya riƙe maka a ɗaka,
ya sake ka a gaban jama'a.

Ta tara ta cije ni a babban yatsa.
Ina yarfe hannu, yana dariya,
ya buɗe tafinsa yana nuna mini tabo:
wannan na jirgin 'yan Norway ne,
wannan na daren da ƙasa ta girgiza,
wannan kuwa, ya yi shiru,
ranar da Hortensia ta ce ta yarda.

Ta goma sha ɗaya na jona,
lasifika ta ɗauki zuuu
kamar an tsokani gidan rina.
Ya rufe ido, ya karkata kai.
"Sili ɗaya ya ɓalle,
yana taɓa maƙwabcinsa."
Na kwance murfi. Ga shi kuwa,
bai kai gashin ido ba.

Da muka gama na taɓa masa kaɗan.
Akwatin ya yi kugi, ya yi ƙara, ya yi shessheka.
Ya dube ni, ya dubi wayoyin.
"Duk rayuwata wannan kukan nake kora daga rediyo,
ke kuma shi kike kiwo?"
Na ce e.
Ya ce, "To, a ƙalla ya fita da tsabta."

Asuba ta yi, tsuntsayen teku sun fara faɗa a kan rufi.
Ya yi barci a kujera, baki a buɗe.
Na san ba zai zo ba,
matakala ɗari da sittin ce, gwiwa kuma ta ƙi.
Anjima za a tafa wa sauti,
ba mai duban ƙasa inda wayoyi suke kwance.

Na zare fulogin ƙarfe, na bar shi ya huce.
Ta goma sha ɗaya na naɗa mata jan zare,
na sa ta a saman jaka.